TABARMAR KABA DA ZAMAN IBADA: DAGA MAIJIRGI ZUWA TSAUNUKAN ƘASAR SIN

Duk ibadar da ke bukatar dogon zama tana bukatar abin zama. A ƙasar Hausa tabarmar kaba da buzu ne suka ɗauki wannan nauyi tun kaka da kakanni. A ƙasar Sin kuwa, mabiya addinin Tawo suna da wata ƴar shimfiɗa saƙaƙƙiya ta ciyawa da suka riƙe shekaru aru-aru. Sai dai a yau tabarmar kaba ta shiga halin gaba kura baya sayaki: roba ta tare ta a kasuwa, goruba kuma tana ƙaranci a daji.

Maijirgi gari ne da ke gabas da Tasawa, cikin jahar Maraɗi, bisa babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram. Baƙin da ke yada zango a nan galibi labari guda suka sani game da garin, wato na kaburburan hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, waɗanda suka zubar da jinin bayin Allah bisa hanyarsu kafin sojojinsu su harbe su cikin watan Yuli na 1899. Amma wanda ya kwana a garin ya fito da asuba, zai ga wani abin da ba a cika ba da labarinsa ba. Bayan an sallame salla, matasa sun watse, akwai dattawan da ba su tashi. Kowane na zaune bisa tabarma, a jikin bangon masallaci ko cikin zaure, ya harɗe ƙafafu, tasbaha na tafiya tsakanin yatsunsa, ba ya magana da kowa sai rana ta ɗago. A cikin gidaje ma haka tsofaffin mata ke yi, kowace da ƴar tabarmarta ta salla wadda ba a cin abinci bisa kanta, ba a barin yaro ya taka ta, in an gama a naɗe ta a saƙale can sama inda akuya ba ta kaiwa.

DAGA KABA ZUWA TABARMA

Kaba da goruba abu ɗaya ne, shekaru ne suka raba su. Muddin itacen yana ƙasa, ganyensa na fitowa cunkus daga tushe, kaba ake ce masa. In ya samu sarari ya yi gangar jiki ya miƙe sama, ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, to ya zama goruba. Wannan rabuwar reshe ce ta bambanta shi da danginsa irin su giginya da dabino, waɗanda ke tashi sanda guda.

A ƙasar Tasawa da Mayahi saƙar tabarma galibi aikin mata ne, kuma aikin rani ne, bayan hatsi ya shiga rumbu. Ana yanko ganyen kaba, a shanya shi ya bushe, a tsage shi siri-siri, a ware mai taushi domin saƙa, mai kauri domin igiya da tsintsiya. Kafin a soma saƙa sai an yayyafa masa ruwa don kada ya karye a hannu. Ba a saƙa tabarma gaba ɗaya. Ana saƙa dogon ɗauri ne mai faɗin kamar tafin hannu, ana naɗe shi yana ƙaruwa, mace na saƙa tana hira, tana saƙa tana jiran tukunya, har ya kai tsawon da ake bukata. Sa'an nan a yanka shi daidai-daidai, a ɗinke gefe da gefe, a kalmashe baki. Mai son ado takan rina wani sashe na kabar da galura, ja ko baƙi ko kore, ta fitar da zane. Da kuɗin tabarma mata da yawa ke sayen gishiri da sabulu, su zuba adashi, su tara wa ƴaƴansu kayan ɗaki, ba tare da sun miƙa wa kowa hannu ba.

Tabarma na tare da Bahaushe daga farkon rayuwa har ƙarshenta. Bisa kanta ake zama ranar suna, bisa kanta waliyyai ke ɗaura aure, ita ake shimfiɗa wa baƙo, ko da yake masu iya magana sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ita ake zama a kai kwanakin makoki, kuma a ƙauyuka da dama cikinta ake naɗe mamaci bayan likkafani a ɗora shi bisa makara.

ABIN DA LITTATTAFAN MALAMAI SUKA NUNA

Matsayin tabarma wajen ibada yana da tushe cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Nana Maimuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi salla bisa wata ƴar tabarma ta ganyen dabino. Sun kuma kawo labarin ranar da Sayyidina Umar ya shiga wurinsa ya tarar da shi kishingiɗe bisa tabarma, saƙarta ta yi masa shaida a jiki, har Umar ya yi hawaye da ya tuna irin daular da sarakunan Farisa da na Rum ke ciki. Wannan labari shi ne masu wa'azi ke jawowa duk lokacin da ake zancen gudun duniya.

A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mafi yawan jama'ar Nijar ke bi, littafin Muhtasar na Shaihu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14, ya bambanta tufa da tabarma: ya sanya sujada bisa tufa cikin abubuwan da aka karhanta, ya fitar da tabarma daga wannan hukunci, ya kuma nuna cewa kai goshi ƙasa kai tsaye ya fi. Hikimar da masu sharhi ke ambata ita ce ƙasƙantar da kai, domin abin da ƙasa ta tsirar ya fi kusa da ƙasa bisa ga shimfiɗar alfarma mai laushi. Ke nan dattijon Maijirgi da ke salla bisa tabarmar kaba, ko ya san wannan babi ko bai sani ba, yana bisa turbar da littafi ya yaba.

Mutanen ɗariƙa sun fi kowa daɗewa a zaune. Mabiya Tijjaniyya, ɗariƙar Shaihu Ahmadu Tijjani wanda ya rasu a Fas cikin 1815, suna da lazimi safe da yamma, da wazifa, da zikirin Juma'a bayan la'asar. Wajen wazifa ana zama bisa tabarmi a wuri mai tsarki, kuma in an zo karatun Jauharatul Kamali, wadda ake maimaitawa sau 12, akan shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiya. Ƙadirawa, ɗariƙar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir cikin 1754, su ma suna da wuridinsu. Bayan waɗannan akwai i'itikafi na goman ƙarshe na azumi, akwai kuma halwa, inda mutum ke shiga ɗaki shi kaɗai kwana 3, ko 7, ko 40, ya rage ci da barci da magana. Mai shiga halwa ba ya ɗaukar kaya: buta, tasbaha, da abin da zai zauna a kai.

BUZUN MALAM

In tabarma ta kowa ce, buzu na malam ne. Fatar rago ce, sau da yawa ta layya, wadda aka jeme aka bar mata gashinta. A makarantar allo yara na zaune ƙasa ko bisa tabarma, malam na bisa buzu, kuma almajiri mai ladabi ba ya hawa buzun malaminsa ko da malam ya yi tafiya. Saboda haka ne ake kiran karatun zaure da sunan karatun buzu, kuma in babban malami ya rasu aka ce wane ya gaji buzunsa, an san makarantar da almajiranta da nauyinta duka sun koma hannunsa. Ba Hausawa kaɗai ke da wannan fahimta ba. A Masar ana kiran shugaban ɗariƙa da laƙabin shaihin darduma, a Hindu da Pakistan kuma magajin waliyyi sunansa mai zama bisa darduma. A duk waɗannan wurare shimfiɗar ce ta zama alamar gadon ilimi.

CAN ƘASAR SIN

Mai karatu zai yi mamakin jin cewa a ƙarshen gabashin duniya, cikin jama'ar da addininsu ya yi hannun riga da Musulunci wajen aƙida, akwai waɗanda suka ba ƴar shimfiɗar ciyawa irin wannan daraja. Addinin Tawo, wanda ma'anar sunansa ita ce «hanya», yana cikin tsofaffin addinan ƙasar Sin, ana danganta tushensa ga wani mai hikima da ake kira Lawo Tse. Tun cikin littafin Cuwang Tse, wanda asalinsa ke komawa ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, an ambaci wani irin zama da suke kira «zama da mantuwa», wato mutum ya zauna shiru har ya saki tunanin jikinsa da na duniya. Daga baya wani malaminsu, Sima Cengjen, wanda ya rasu cikin shekara ta 735, ya shahara da littafin da ake danganta masa bisa wannan zama.

Abin da suke zama a kai sunansa putuwan. Kalmar ta haɗa abu biyu: «pu», wato ciyawar nan ta fadama mai dogon ganye wadda mutanen Haɗeja da Nguru ke kira kacala, da «tuwan», wato abu mai kewaye. Ana murɗa ciyawar a saƙa ta zagaye-zagaye, ta fito kamar babban gammo ko faifai mai kauri, daidai zaman mutum guda. Wani lokaci da karan shinkafa ko ɓawon masara ake yin ta. Amfaninta a fili yake. Tana ɗaga ƙugu sama da gwiwoyi, ta yadda baya zai miƙe ba tare da wahala ba. Tana tsare jiki daga sanyi da danshin ƙasa, abin da masu maganin gargajiyar Sin ke tsoro ƙwarai. Iska kuma na ratsa saƙarta, ba ta tara zufa. Mai zaman yakan harɗe ƙafafu, ya sassauta ido, ya ɗora harshe bisa ganda, ya bi numfashinsa a hankali. Bisa wannan shimfiɗa kuma suke durƙusawa lokacin gaisuwar ibadarsu cikin ɗakunan bauta.

Ƙungiyar da ta fi riƙe wannan zama ita ce Cuwanjen, wadda Wang Congyang ya kafa a ƙarni na 12. Wannan mutum, da ya rayu daga 1113 zuwa 1170, ya haƙa rami a yankin tsaunukan Jongnan ya sa masa suna kabarin mataccen da ke raye, ya zauna ciki wajen shekara biyu kafin ya fita neman almajirai. Mabiyansa ba su aure, suna zaune ne a gidajen ibada irin su gidan Farin Gajimare da ke birnin Bejin. Suna da keɓewa ta kwana 100 cikin ɗaki rufaffe, wasu har shekara 3. Suna kuma da zaman taro wanda ake auna tsawonsa da ƙoƙo: a huda ƙaramin ƙoƙo a ɗora shi bisa ruwa cikin babbar tukunya, kowa ya hau shimfiɗarsa, ba mai motsi sai ƙoƙon ya cika ya nutse.

KAYAN MATAFIYI

Inda kamar ta fi fitowa shi ne wajen kayan tafiya. Littattafan ƙa'idojin Cuwanjen sun lissafta abubuwa 7 da mai yawon neman ilimi ke ɗauka in ya bar gidan malaminsa: shimfiɗar zama, da riga mai faci, da ƙoƙon duma na cin abinci, da malfa ta ganye, da mafici, da jakar littattafai, da sanda. Shimfiɗar ce ta farko cikin jerin, kuma a baya ake goya ta. Duk wanda ya taɓa ganin gardi ya kama hanyar gabas neman tilawa, da buzunsa a naɗe, da allo, da gafaka, da buta, da ƙoƙon bara, da malfa bisa kai, zai gane wannan hoto ba sai an yi masa tafinta ba.

Wajibi ne a faɗi gaskiya: kamar ta tsaya ga kaya da zama. Musulmin da ke zikiri yana ambaton Allah Makaɗaici ne, yana neman yardarsa da gafararsa, alhali mabiyin Tawo na neman daidaita numfashi da ruhinsa da abin da ya ɗauka shi ne tsarin halitta. Ba wanda ya koya daga wani. Abin da ya haɗa su shi ne jikin ɗan Adam, wanda gwiwarsa ke ciwo a Maijirgi kamar yadda take ciwo a tsaunin Wudang, da kuma fahimtar cewa wanda ke son ya rage wa zuciyarsa kaya ba ya farawa da shimfiɗar alfarma.

Su ma mutanen Sin zamani bai bar su ba. An rufe gidajen ibadarsu lokacin juyin al'adu na 1966 zuwa 1976, aka soma sake buɗe su cikin shekarun 1980. A yau da yawa daga shimfiɗun da ke cikinsu soso ne da aka lulluɓe da yadi, amma sunan ciyawar fadama na nan manne da su. Haka nan tabarmar roba ta ari sunan tabarma, ba ta ari ƙanshin kaba ba.

GULBIN KABA NA RAMEWA

Arzikin kaba na wannan yanki yana da cibiya, sunanta ma ya faɗi komi: Gulbin Kaba, tsohon kwarin da ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi, wanda ruwa ya daina gudu cikinsa sosai amma yana nan kusa a ƙarƙashin ƙasa, abin da goruba ke so ke nan. Daga wannan kwari ake fitar da ɗaurin kaba bisa jakuna da amalanke zuwa kasuwannin ƙauye, daga can motoci su kwashe.

Fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun tura dubban iyalai ga kaba, domin ita ce abin da ake iya yanka a sayar in rumbu ya ƙare. An sare manyan itatuwa don rufin ɗaki, gonaki sun ci gefen kwarin da a da makiyaya ke bi da dabbobinsu. Wani bincike da Régis Peltier na cibiyar CIRAD ta Faransa da abokan aikinsa, cikinsu har da masanin gandun daji na Nijar Abubakar Ishau, suka wallafa cikin 2008, ya nuna inda gizo ke saƙar: masu yanka na bin sabon ganye tun bai buɗe ba, suna dawowa kan tushe guda a kai a kai, har kabar ba ta samun sararin yin gangar jiki. Sai kwarin ya cika da kaba gajera, manyan goruba masu ba da ƴaƴa su tsufa ba masu maye gurbinsu. In babu ƴaƴa, babu iri. Babu kuma gorubar da yara ke gwagwiya, babu ƙwalshi.

Maganin ba mai tsada ba ne, kuma manoman jahar Maraɗi sun riga sun san shi. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani ɗan ƙasar Ostireliya, ya soma aiki da manoman yankin bisa abin da ake kira sassaben zamani, jama'a suka koyi barin tsiro ɗaya ko biyu bisa kowane kututture in ana sharar gona. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo bisa fili mai faɗin kimanin eka miliyan 5 ta ma'aunin hekta a kudancin Nijar. Ita ma kaba haka take so: a zaɓi tsiro mai ƙarfi cikin kowane cunkus, a yi masa alama, a hana wuƙa taɓa zuciyarsa har ya fi ƙarfin baki da hannu, sauran kuwa a ci gaba da yanka. A gonar mutum wannan na yiwuwa cikin sauƙi, tun da dokar ƙasar noma ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 sun ƙarfafa hannun manomi da na ƙananan hukumomi. Wahalar tana cikin kwarin da ke na kowa da kowa, inda wanda ya bari yau ke tsoron wani ya yanke gobe. Nan ne ake bukatar sarakuna da masu gari, da wakilan makiyaya, da ma'aikatan gandun daji, da su kansu mata masu saƙa, su zauna bisa tabarma guda su yanke shawara.

KASUWA

A ɗaya gefen kuma ga roba. Tabarmar roba tana da launi, ana wanke ta, gara ba ta cin ta, kuma tana da tsawon da ke cika sahu guda, shi ya sa masallatai da yawa suka koma gare ta. Darduma mai laushi, wadda ake shigowa da ita daga Turkiyya da ita kanta ƙasar Sin, ta zama tsarabar alhazai da kayan ɗakin amare. Ba laifi ba ne mutum ya sayi abin da aljihunsa da zuciyarsa suka zaɓa. Amma duk wanda ya yi sallar azahar cikin watan Afrilu bisa robar da rana ta gasa, ya san abin da goshinsa ya gaya masa. Tabarmar kaba ba ta ɗaukar zafi haka, kuma kuɗin da aka ba da wajen sayenta ba su ƙetare iyaka. Suna komawa hannun wata mata a ƙauye, daga can su shiga tukunya.

Akwai kuma bambancin ƙarshe. Tabarmar kaba in ta tsufa takan koma rufin rumfa ko shingen makewayi, daga nan ta ruɓe ta zama taki. Ta roba in ta yage, zarenta na nan cikin bola da gonaki shekara da shekaru, awaki na haɗiya.

Masu iya magana sun ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Abin kunya ne a wayi gari kwarin da aka sa wa sunan kaba ya rasa goruba, jikokin masu saƙa su riƙa jin labarin tabarma a bakin tsofaffi. Kwamitin masallacin da ya sayi tabarmi goma daga matan garinsa, da manomin da ya bar tsiro guda ya zama itace, da malamin da ya tuna wa almajiransa babin sujada, kowane ya sa hannu wajen kauce wa wannan rana. Allah ya ba da damina mai albarka, ya raya Gulbin Kaba, amin.